Wane lens zan ƙara? Muhawara a zauren masu ɗaukar hoto

Maman Iman: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Shekara biyu ke nan ina aiki da Canon 700D da ɗan lens ɗin da ya zo da ita, 18-55. Yawancin aikina na cikin gida ne, kuma na mata: kamu, sa lalle, wuni, suna, wani lokacin walimar sauka. A tsakar gida da rana ba ni da matsala. Amma da an shiga ɗaki, ko magariba ta kawo kai, sai hoto ya fito kamar an watsa masa yashi, in amarya ta motsa hannu zanen lallen ya caɓe. Satin nan na kwashi adashi, kuma abu ɗaya kuɗin za su saya, ba biyu ba. Wane lens zan ƙara?

Sadiq KD: Wa alaikumus salam Anti. 50mm f/1.8 STM. An gama magana, admin a rufe zaure 😂

Maman Iman: To fa. Ko bayani babu, ƙanina?

Sadiq KD: Ga bayani. Naki in kin ja shi zuwa 55, ƙofar haskensa ba ta wuce f/5.6. Wannan yana buɗewa har f/1.8, wato haske kusan ninki goma ke nan yake shiga. ISO shi ne ƙarfin jin hasken kyamara, in ya yi yawa yashi yake kawowa. Hoton da kike ɗauka a ISO 6400 yana yashi, da shi a ISO 800 za ki ɗauka har da rara. Nauyinsa giram 160 ne, aljihun jaka ma ya ishe shi. Da Canon suka fito da shi a 2015 wajen dala 125 suka sa masa, har yanzu kuma babu mai arharsa a cikin nasu. Ga shi bayan mutum narkewa yake yi, fuska ta fito ita kaɗai, irin hoton da amare ke turo mana daga Instagram suna cewa "irin wannan nake so". Ki saya, canji ya rage miki.

Anti Bilki: Sadiq, ka taɓa shiga ɗakin amarya a cikin gari ranar sa lalle? Ba ka taɓa ba, don ba za a bar ka ba. Bari in faɗa maka yadda yake. Ɗaki ne sha biyu sha biyu, gado ya ci rabi, ga akwatuna, ga ƙawaye goma sha a zube, ga gwaggo a bakin ƙofa ta ƙi matsawa. Ƙafa sha biyu ba ta kai mita huɗu ba. In ka sa 50mm a kan 700D kana son amarya a tsaye tun daga ɗankwali har takalmi, sai ka ja baya sama da mita huɗu, kuma ka juya kyamarar a tsaye. Bango za ka fasa? Ni na saya a shekarata ta farko saboda irin zugarku, ranar farko na dawo gida da kawuna da kafaɗu kawai. Uwar amarya ta ce, "Ina leshin da muka kashe wa kuɗi?"

Sadiq KD: Ai sai a fito da ita tsakar gida, Anti.

Anti Bilki: Amarya a lulluɓe, hannu da ƙafa lalle bai bushe ba, ka ce ta fito? Allah ya shirye ka.

Baba Mai Hoto: Salamu alaikum. Na ga 'ya'yana sun fara, bari tsoho ya sa baki. Sadiq bai yi ƙarya ba, Bilkisu ma ba ta yi ba, wuri ne ya raba su. Lokacin da muke aiki da fim a nan Zariya, da Pentax K1000 da su Yashica, 50mm shi ne lens ɗin kowa, da shi ake sayar da kyamarar. Amma faɗin fim milimita 36 ne, tsayinsa 24. Abin da ke karɓar hoto a cikin kyamarar Maman Iman kuwa, wato sansa, wajen 22 ne da 15. Tsakiyar abin da lens ya gani kawai take yankowa. Shi ya sa ake ninka lambar da 1.6 a irin waɗannan ƙananan Canon ɗin, a Nikon kuma da 1.5. To 50 a wurinta 80 ne a lissafinmu na da, kuma mu 80 ko 85 na hoton fuska ne a sitidiyo, ba na taro ba. Abin da muke kira lens na yau da kullum, a kyamararta yana wajen 30.

Mun saba ce wa yara, in ba ka da zum ka yi zum da ƙafarka. Gaskiya ne a fili. A ɗaki kuwa ƙafa tana da iyaka.

Maman Iman: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Wallahi ban taɓa gane maganar 1.6 ɗin nan ba sai yau. To ke Anti Bilki da me kike shiga ɗaki yanzu?

Anti Bilki: Da 17-50 f/2.8. Sigma suna da shi, Tamron ma suna da shi, Canon kuma nasu 17-55 ne, ya fi tsada da nauyi. Kusan faɗin naki ne, hannunki ba zai yi baƙunta ba. Bambancin shi ne f/2.8 ɗin ba ya canzawa, ko kina 17 ko kina 50. A ƙarshen zum haske ninki huɗu yake ba ki a kan naki. Ki ɗauki ƙawaye gaba ɗaya, ki murza ki ɗauki zanen lalle, ba ki cire komai ba, ba ki ce wa kowa ta dakata ba. Na hannu za ki nema, sabo zai fi ƙarfin adashi.

Bash Mai Bidiyo: Ni dai ina mamakinku. Duniya ta koma kyamara marar madubi tun 2018 da Canon suka fito da sabon bakin ɗaura lens mai suna RF, ku kuna nan kuna zuba kuɗi a tsohon bakin, EF. Hajiya ki riƙe kuɗinki, ki ƙara wani zubin, ki sayar da 700D ki ɗauki R50 ko R10. Fokas ɗinsu ido yake bi da kansa. 700D fa tun 2013.

Malam Habu Mai Gyara: Bash, R50 ɗin da wane lens take zuwa? Da 18-45 mai f/4.5 zuwa 6.3. Ya fi wanda take kuka da shi duhu. Ka ga ta sayar da akuya ta sayo akuya, ta cika kuɗi. Kuma lens na EF ba ya mutuwa don an canza kyamara, akwai adaftar EF zuwa RF, na EF-S, wato na ƙaramar sansa, ma yana hawa ta kanta. Komawar da mutane ke yi can ma ita ta sa na hannu ke ta fitowa kasuwa. Abu ɗaya dai ya kamata ta sani: 17-50 da duk wani na ƙaramar sansa ba nata ba ne ranar da ta koma 6D ko 5D, masu babbar sansa mai faɗin fim. Na Canon mai EF-S ko shiga bakinsu ba ya yi, na Sigma da Tamron kuma za su shiga amma gefen hoto zai yi baƙi. 50mm shi yana bin ta ko'ina.

Sadiq KD: Kun ji ko! Allah ya saka Malam.

Malam Habu Mai Gyara: Kada ka yi saurin murna, ban gama da kai ba. F/1.8 ɗin da kake tallatawa, in ka tsaya mita biyu daga mutum, abin da zai fito tas daga gaba zuwa baya wajen santimita 11 ne kacal. Ko kamu ɗaya bai kai ba, kamun hannu nake nufi, ba na amarya ba. Ka jera mata biyar, ɗaya ta ɗan rankwafo, huɗu sun yi dishi-dishi. Dole ka rufe zuwa f/4 ko f/5.6, ka ga hasken nan ninki goma ya tafi. Kusan kowane wata sai wani ya kawo min 50mm ya ce fokas ya lalace, in duba in ga lafiyarsa ƙalau, hoton taro ya ɗauka a 1.8.

Ɗan Damagaram: Ina wuninku 'yan uwa, gaisuwa daga Zinder. Ku yi haƙuri in shigo da tawa a tsakiyar ta Hajiya. Nikon D5300 gare ni. Bara na aika aka sayo min 50mm daga Niamey, ban ce a duba harafin ƙarshe ba, aka kawo mai D. Ashe wannan sai kyamarar da ke da injin fokas a jikinta, su D3000 da D5000 da 'yan gidansu ba su da shi. Da hannu nake murzawa har yau. Laifina ne, da AF-S na ce, mai G. To yanzu kokowa nake son ɗauka, kuma ba a barin mu kusa da da'ira. Me zan nema?

Sadiq KD: 70-200 f/2.8, uban lens-lens.

Baba Mai Hoto: Yaron nan kullum sunan da ya fi daɗin faɗa yake kamawa. Kuɗin wannan sabo ya sayi 50mm ɗinka goma har da ɗoriya, nauyinsa kuma wajen kilo ɗaya da rabi. Ka riƙe shi daga hantsi zuwa la'asar ka ji yadda kafaɗa ke magana. Ɗan Damagaram, in da rana ake yi, ba ka buƙatar f/2.8. Ranarmu ta ishe ka shota, wato saurin ƙiftawar kyamara, 1/1000 na daƙiƙa a f/5.6 ba tare da ka wahalar da ISO ba. Nemi AF-S 55-300 mai VR, wato abin hana rawar hannu. Masu Canon kuma nasu 55-250 STM ne, nauyinsa bai kai rabin kilo ba, a kan ƙaramar sansa yana kai su inda 400 ke kaiwa. Da irinsa nake ɗaukar jahi daga nesa, ina ganin kumfar bakin doki da ɗinkin alkyabba. Sai in gasar ta kai dare a ƙarƙashin fitila, nan ne mai f/2.8 zai nuna maka kuɗinsa.

Wani abu kuma da na koya a hawa: inda doki ke gudu ba a cire lens. Ka yanke shawara tun daga gida. Ko Hawan Daushe ne a Ƙofar Kudu, ko namu na nan Zazzau, ƙurar da ke tashi in ta shiga cikin kyamara, duk hoton da ka ɗauka bayan nan akwai ɗigo a sararin samaniyarsa.

Bash Mai Bidiyo: Tun da UNESCO suka sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024 kowa ya zama mai hoton doki. Ni kam waya ta ishe ni a wurin, ba zan kai kayana cikin turmutsitsi ba.

Ɗan Damagaram: Na gode Baba. Akwai wani 75-300 da abokina mai Canon ya gani da araha, shi fa?

Malam Habu Mai Gyara: Wannan ba shi da abin hana rawar hannu. A 300 in shota ta yi ƙasa da 1/500 rawar hannunsa za ta fito. Ya ƙara kaɗan ya ɗauki 55-250.

Admin: Jama'a a dawo ɗakin amarya, mai tambaya tana jira. Masu doki su buɗe nasu zaren.

Ummi Jos: Tun ɗazu nake karantawa, babu wanda ya faɗi abin da ni nake gani. Yaya Maman Iman, anya lens ne matsalarki? Kin ce hannu na motsawa hoto ya caɓe. Abin hana rawa da ke cikin lens, IS ko OS ko VC, rawar hannunki yake gyarawa, ba ya tsayar da wadda ke rawa a fili. Wannan sai shota mai sauri, 1/160 ko sama, ko kuma filasha. Sannan ki duba lissafin Anti Bilki da kyau. Ninki huɗun a 50 ne. A 18 naki f/3.5 ne, tsakaninsa da f/2.8 ko ninki biyu bai cika ba. In yawancin aikinki a faɗi kike yi, za ki kashe adashi gaba ɗaya ki samu ƙarin haske kaɗan. Filasha ta kan kyamara irin su Godox, mai kan da ke juyawa, ki harba ta silin hasken ya sauko a hankali kamar na taga. Da 18-55 ɗin naki a f/5.6 da ISO 400 sai ki ga kowa ta fito, kuma kuɗinta bai kai na 17-50 ba.

Anti Bilki: Ummi kin kawo magana, ban musa ba, ni ma da filasha nake yawo. Amma silin fari ne a ko'ina? Gidajen cikin gari wani rufin azara ne, wani silin ɗin an yi masa fenti ruwan ƙasa, wani bangon kore shar. Ki harba a koren bango ki ga amarya ta koma kalar ganye, ki kwana kina gyaran fata a kwamfuta. Ga tsofaffi da ba sa son walƙiya a ido, ga jariri ranar suna da kakarsa za ta ce kada a haske mata shi. Akwai kuma wurin da filasha ke kashe hoton ma gaba ɗaya: hayaƙin turaren wuta da hasken taga ya ratsa, in kin harba ya tafi.

Ummi Jos: Akwai ɗan farin katin da ke jikinta ai, kuma ana juya ta baya a nemi farin labule ko ƙofa. Ban ce kada ta sayi lens har abada ba, na ce wanne ne farko.

Sadiq KD: To tunda kun ƙi 50, akwai 24mm f/2.8 STM, ɗan falle kamar murfi, shi ma mai araha. 38 ke nan a lissafin Baba. Ta haɗa shi da filasha a kuɗi ɗaya. Ko Sigma 18-35 f/1.8 in tana son a san ta iso.

Anti Bilki: Na farkon shawara ce, yau ka yi hankali. Na biyun giram 810 ne, ba shi da abin hana rawa, kuma ya wuce kuɗinta.

Baba Mai Hoto: Kowa ya faɗi abin da ya yi masa aiki. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Yata, kada ki biya ko sisi tukuna, aiki biyu zan ba ki. Na farko, kowane hoto da kika ɗauka yana ɗauke da bayanin milimitar da zum yake kai, da ƙofar haske, da shota. Buɗe bukukuwa uku na baya, waɗanda kika miƙa wa masu su kawai, ban da na shara. In da Lightroom kike aiki zai ware miki su da kansa, in babu, ko a Windows kika duba bayanan hoto za ki gani. Ki ga inda hannunki ya fi tsayawa. Na biyu, a aiki na gaba ki sami salatif ki ɗaure zum ɗin a 50 na rabin awa, sannan a 24 na rabin awa. Wanda ya sa ki jin kamar an ɗaure miki hannu, ba naki ba ne.

Maman Iman: In sha Allahu Baba. Akwai suna jibi a Gwammaja, zan gwada.

Malam Habu Mai Gyara: Kafin ki dawo, ga abin da za ki duba in na hannu za ki saya, don kada a yi miki sakiyar da ba ruwa. Ki je da kyamararki, kada ki yarda da gwaji a kan tasu. 700D ba ta da wurin gyara saɓanin fokas a cikinta kamar manya, in lens yana saukar da fokas gaba ko bayan inda kika nuna, haka za ki zauna da shi. Ki buɗe shi a f/2.8, ki ɗauki rubutun kwali ta madubin leƙawa, ki sake ɗauka ta allon baya, ki faɗaɗa su biyun. In na allo ya fi kaifi sosai, akwai saɓani. Ki yi haka a 17, ki yi a 50. Sannan ki cire shi, ki haska fitilar waya ta baya ki leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, babu lens ɗin da ya sha hunturu a ƙasar nan da ba shi da ita. Amma in kin ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, ko hazo kamar an hura masa numfashi, ki ajiye musu kayansu. Kayan da suka zauna a wuri mai laima sun fi yin haka. Ki murza zum daga farko zuwa ƙarshe ki ji ko yana cijewa, ki duba sukurorin baya ko an taɓa kwance su. Kuma ki nemi sharaɗin kwana biyu ko uku na mayarwa, a gaban shaida.

Maman Iman: Salamu alaikum, na dawo da rahoto. Baba, na yi aikin gida. Hotunan da na miƙa sun rabu gida biyu: mafi yawa tsakanin 18 da 24, sai wani tuli a 55 cif, su ne fuska da lalle da sarƙa da ƙafar jariri. Tsakiya kusan babu komai. Kuma da na duba waɗanda suka fi ba ni haushi, na 55 ɗin ne, nan ne yashin ya fi yawa. Maganar salatif kuwa, a 50 minti goma na yi na ɓalle shi, mai jego na zaune a gado dangin miji sun kewaye ta, ni ina manne da wardirob ina ganin rabin mutane. A 24 na ji daɗi, har aka miƙo jariri, na rasa yadda zan yi in matso ba tare da na hau gadon ba.

Don haka 17-50 zan ɗauka. Ummi, maganarki na nan a raina, zubi na gaba na filasha ne, Anti Bilki ta ce za ta ara min tsohuwar tata kafin nan.

Sadiq KD: Tulin 55 ɗin nan fa 50mm yake kira da babbar murya, ku ne ba ku ji.

Anti Bilki: Yana kira, na uku ne a layi. Ranar da ta fara hoton kafin biki a fili ni da kaina zan ce ta saya.

Maman Iman: Malam Habu, yau na je na ga guda biyu. Na farko fes a waje, mai shagon har rantsuwa yake, da na haska waya sai ga saƙar gizon nan a gefen gilashin ciki. Na ce na gode. Na biyu Sigma ne, robar zum ta ɗan saki kuma babu hular gaba, amma gilashi garau, rubutun kwali ya fito daidai ta madubi da ta allo, a 17 da 50 duka. Ya ba ni zuwa Asabar. Filtar tsohon nawa za ta hau kansa?

Malam Habu Mai Gyara: Ba za ta hau ba, taki 58 ce, bakin wannan 77 ne. Robar ba matsala, ana canzawa. Hular ce dai ki matsa ya nemo miki ko ya rage kuɗi, don ita ke tare gilashi in an bangaje ki a wurin liƙi. Ki kawo shi gobe bayan azahar in duba abin hana rawar kafin Asabar ɗin ta zo.